Darasi na 9: Dutsen Dala da Al'adar Ziyartar Duwatsu Masu Alfarma

Dutsen Dala yana cikin tsohon birnin Kano, a Ƙaramar Hukumar Dala. Ƙololuwarsa tana da tsayin mita 534 daga saman teku. Tudu ne na jan marmara mai shimfiɗaɗɗen kai, wanda duk ya hau shi zai hangi Goron Dutse da hasumiyoyin babban masallacin Juma'a da unguwannin birni ta kowace fuska. A gindin wannan dutse Kano ta fara kafuwa, kuma yana cikin shahararrun wuraren ziyarar bauta a ƙasar Hausa kafin Musulunci ya kafu.

Mutanen farko

Abin da ya fara jawo mutane zuwa Dala shi ne tama, wato dutsen da ake narkarwa a fitar da ƙarfe. Masu binciken kayan tarihi sun tono murhun narka tama a wurin, gwaji kuma ya nuna an yi aiki da shi tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Labarin baka ya yi daidai da wannan, domin ana cewa wani maƙeri mai suna Kano ya zo daga Gaya neman tama, ya zauna a nan, garin ya ci sunansa. Bayan tama akwai ruwan Jakara da ƙasar noma da dajin farauta, ga kuma tudu da za a fake a kai idan mahara sun taso.

Mafi yawan abin da ake faɗa game da bautar da aka yi a wurin ya fito ne daga littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, wani Bature mai suna Palmer ya buga fassararsa ta Ingilishi a 1908. Littafin ya tattara labaran da aka gada baki da baki, don haka a cikinsa akwai tarihi, akwai kuma almara.

Littafin ya ce wani mutum mai suna Dala ne ya zo ya gina gida a kan dutsen. Ya haifi 'ya'ya 7, maza 4 da mata 3. Daga zuriyar babban ɗansa Garageje aka sami Barbushe, wanda ya gaji asiran kakanninsa. An kwatanta Barbushe da ƙaton mutum, baƙi, maharbi, wanda ke kashe giwa da sandarsa ya ɗauko ta a ka. Shi ne shugaban bauta, kuma a ƙarƙashinsa kowane gida yana da sana'arsa. Gijigiji shi ne maƙeri, Bugazau mai dafa giya, Hamburki mai magani, Maguji mai haƙo tama da narka ta, Jandodo sarkin makaɗa, Awar kuma mai gishiri da kula da ruwa. Wannan jeri yana nuna cewa tun kafin zuwan sarakuna al'ummar Dala tana da tsari, kowa ya san aikinsa da matsayinsa.

Tsumburbura da taron shekara

Abin bautarsu ita ce Tsumburbura. Mazauninta wata bishiya ce mai suna Shamus, wadda aka kewaye da katanga. Barbushe kaɗai ke shiga cikin katangar, kuma mutane sun yi imani cewa duk wanda ya keta wannan doka mutuwa zai yi. Akwai kuma kurmin Jakara, wanda ba a sare itacensa, ana jin tsoron baƙin ruwan da ke cikinsa.

Barbushe ba ya saukowa daga kan Dala sai kwana 2 a shekara. Idan lokacin ya gabato, sai jama'a su taso daga gabas da yamma, kudu da arewa, maza da mata, kowa da abin yankansa: wani baƙin kare, wani baƙar kaza, wani baƙin bunsuru. Su taru a gindin dutse da yamma su jira. Idan duhu ya yi, sai Barbushe ya fito da makaɗansa, ya yi kirari, jama'a su amsa, sannan ya ja su zuwa wurin bishiyar. A can kowa zai yanka abin da ya kawo. Barbushe ya shiga ciki shi kaɗai, su kuma su yi ta kewaya katangar har asuba. Da gari ya waye sai a ci abinci, shi kuma ya fito ya gaya musu abin da zai faru a shekarar, na alheri ko na sharri.

A irin wannan taro ne, in ji littafin, Barbushe ya gaya musu cewa wata rana baƙo zai zo ya karɓe mulki daga hannunsu, a sare bishiyar a ƙone ta, a gina masallaci. Marubucin littafin Musulmi ne da ya zo bayan ɗaruruwan shekaru, shi ya sa ya kira ranakun taron da sunan Idi da jajibere, kalmomin da masu karatunsa suka saba da su.

Taron ya yi wa mutanen wancan zamani aiki ta fuskoki da dama. Shi ne ke raba musu shekara, domin ba su da kalanda a rubuce. Shi ne ke haɗa mazauna Goron Dutse da Magwan da Fanisau da sauran tsaunukan yankin wuri ɗaya, har suka ɗauki kansu al'umma guda. Dokar hana sare kurmi kuwa ta tsare itatuwa da mashayar ruwa, ko da ba don haka aka kafa ta ba.

Yadda bautar ta gushe

Bautar Tsumburbura ba rana ɗaya ta ƙare ba. An ɗauki kusan shekara 500 ana jan igiya tsakanin sarakuna da magadan Barbushe.

Bagauda, wanda ake lissafa shi sarkin Kano na farko, ya yi mulki daga 999 zuwa 1063. Jikansa Gijimasu, wanda ya hau a 1095, shi ya fara gina ganuwa, Dala ta kasance a cikinta. Sarauta tana hannun zuriyar Bagauda, amma asirin bishiya yana hannun mutanen Dala, kuma sun ƙi bayyana shi ko da an ba su kyauta. Sarki Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1307 zuwa 1343, shi ne ya afka wa wurin da mayaƙansa a daren taro, ya rushe katangar, ya tilasta musu su faɗi asirin.

A zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385, Wangarawa suka zo daga Mali ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite, suka kira sarki ga salla, ya amsa. Aka gina masallaci a ƙarƙashin bishiyar, ana salloli 5 a cikinsa. Duk da haka tsohuwar al'ada ba ta mutu ba, domin Sarki Kanajeji, da yaƙin Zazzau ya yi masa tsanani, ya koma ga masu tsafi neman nasara. Sai a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, malamin nan Shehu Magili ya umarce shi da ya sare bishiyar, ya gina hasumiya a gurbinta. Rumfa ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi a gefen Jakara. Wurin da a da ake jin tsoronsa ya zama wurin da fatake ke sauke kaya kullum.

Hawan Dala a yau

Har yanzu akwai ranar da jama'a ke cika Dutsen Dala, wato ranar Takutaha, 19 ga watan Rabi'ul Awwal, kwana 7 bayan Mauludi, wadda Kanawa ke ɗauka ranar sunan Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A ranar ana dafa abinci a raba wa maƙwabta, makarantun Islamiyya suna zagaye da waƙoƙin bege, yara da matasa kuma su yi ado su hau dutsen ta matakalar siminti da aka gina masa. Masu sayar da abinci da kayan wasan yara suna cin kasuwa a gindinsa.

Ra'ayin malamai ya rabu a kan wannan hawa. Wasu suna ganinsa ragowar al'adar Maguzawa da ya kamata a bari. Wasu suna cewa murna ce da nuna cewa Musulunci ya yi rinjaye a wurin da a da ba mai iya kusanta. Masu hawan dai ba sa kai abin yanka, ba sa neman labarin gaibu. Abin da ya rage daga zamanin Barbushe shi ne dutsen da kuma ɗabi'ar taruwa a kansa a rana sananniya.

Duwatsun Jihar Kaduna

Irin wannan tarihi yana nan a Jihar Kaduna ma. Dutsen Kufena, da ke yamma da Zariya, yana da kufan tsofaffin garuruwa da ragowar ganuwa a gindinsa, kuma mazauna wurin na dā sun ɗauke shi mazaunin iskoki. Turunku, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Igabi, tsohon gari ne a gindin duwatsu, wanda ake danganta shi da Bakwa Turunku da Sarauniya Amina ta ƙarni na 16.

A kudancin jihar, mutanen Kagoro da ke Ƙaramar Hukumar Kaura sun daɗe suna zaune a kan tsaunukansu kafin su sauko fili. Bikinsu na Afan asalinsa biki ne na kammala girbi da buɗe lokacin farauta, inda dattawa ke tsarkake tsauni kafin maharba su shiga. Yau yawancin mutanen Kagoro Kiristoci ne, kuma ana yin bikin kowace ranar 1 ga Janairu da raye-rayen gargajiya da kaɗe-kaɗe, 'yan asalin garin da ke zaune a Kaduna da Abuja da Jos su koma gida dominsa. A Kagoro, kamar a Kano, addini ya sauya amma al'adar taruwa ta tsaya.

Tirumala: inda bautar kan dutse take raye

Domin a gane girman da irin wannan ziyara ke iya kaiwa, sai a dubi ƙasar Indiya, inda mabiya addinin Hindu ke da wuraren bauta masu yawa a kan tsaunuka. Masu kallon finafinan Indiya sun saba ganin mutane suna hawa doguwar matakala ba takalmi, suna kaɗa ƙararrawa a ƙofar ɗakin bauta. Mafi shahara a cikin waɗannan wurare shi ne na Tirumala, kusa da garin Tirupati a Jihar Andhra Pradesh. Yana kan jerin tsaunuka 7, a tsayin kimanin mita 850, kuma an keɓe shi ga Benkateswara, wanda mabiya ke ɗauka ɗaya daga cikin siffofin abin bautarsu Bishnu.

Labarin da mabiya ke bayarwa shi ne, matar Bishnu mai suna Lakshmi ta yi yaji ta sauko duniya, shi kuma ya biyo sawunta har ya zauna cikin wani suri a kan tsaunin. Wani makiyayi ya sare shi da gatari a ka, gashin wurin ya zube. Wata gimbiya mai suna Nila Debi ta yanke nata gashin ta rufe masa tabon. Daga baya ya nemi auren Padmabati, 'yar sarkin yankin, ba shi da kuɗin biki, sai ya ci bashi daga Kubera, ma'ajin dukiya a labaran Hindu, da alƙawarin zai biya kafin ƙarshen wannan zamani.

Manyan al'adun ziyarar sun fito ne daga wannan labari. Maziyarta maza da mata suna aske kansu ƙwal su bar gashin a wurin, don tunawa da kyautar Nila Debi da kuma nuna sun ajiye girman kai. Suna jefa kuɗi da zinariya cikin wani babban asusu da niyyar taya Benkateswara biyan bashinsa. Akwai hanyar mota har sama, amma masu cika alwashi sukan zaɓi tafiya a ƙasa ta hanyar Alipiri mai matakala 3,550. Mutum yakan yi awanni a layi don ya tsaya gaban gunkin na ɗan lokaci kaɗan, a wurinsu kuwa zuwa da kai ya fi saƙo.

Wurin yana da tsohon tarihi a rubuce. Rubutun da ke jikin bangonsa ya ambaci kyautar da wata sarauniya mai suna Samabai ta bayar a shekarar 966, wato kafin hawan Bagauda. Sarki Krishnadebaraya na daular Bijayanagara ya ba da zinariyar da aka lulluɓe rufin ɗakin bautar da ita a 1517. Tun daga shekarun 1930 wata hukumar amintattu ce ke tafiyar da wurin. Mutum 50,000 zuwa 100,000 ke zuwa a rana, adadin kuma yana ƙaruwa sosai a bikin Brahmotsabam na kwana 9 da ake yi wajen Satumba ko Oktoba. Hukumar tana sayar da gashin da aka aske ga masu yin gashin kanti, kuma da wannan kuɗi da na asusu take ciyar da maziyarta kyauta, take gudanar da asibitoci da makarantu.

A Jihar Kerala akwai wani wurin a kan tsaunin Sabarimala. Mai niyyar zuwa yana yin kwana 41 yana kame kansa daga nama da giya da kusantar iyali, yana sa baƙaƙen tufafi, sannan ya ratsa daji ya hau matakala 18 ta ƙarshe. A hanya maziyarta sukan tsaya a masallacin Babar da ke garin Erumeli don girmama wani Musulmi da labarinsu ya ce aminin abin bautarsu Ayyappa ne. Musulmin garin suna karɓar su kowace shekara.

Abin da ya haɗa su da abin da ya raba su

Dala da Tirumala sun yi tarayya a abubuwa 5. Kowanne yana da labarin asali da ke bayyana dalilin alfarmarsa. Kowanne yana da keɓaɓɓen wuri da masu hidima kaɗai ke shiga. Akwai lokacin taro sananne, akwai kyautar da maziyarci ke kawowa, akwai kuma gari da kasuwa da suka tsiro a gindin dutsen saboda taruwar jama'a.

Bambancinsu yana cikin abin da ya biyo baya. Addinin mutanen Tirumala ya ci gaba, sarakuna suka gina masa ɗakuna da dutse, suka rubuta kyaututtukansu a bango, shi ya sa tarihinsa ya tsaya da shekarunsa. Bautar Dala kuwa bishiya ce da katangar ƙasa, asirinta yana bakin mutum ɗaya, kuma jama'ar Kano sun bar ta suka karɓi Musulunci. Da ba don malamin da ya zauna ya rubuta Tarihin Kano ba, da sunayen Barbushe da Tsumburbura sun ɓace.

Amfanin wannan sani

Unguwannin garin Kaduna da ke kudu da Kogin Kaduna, irin su Kakuri da Makera da Barnawa da Narayi da Nasarawa da Sabon Tasha, sun cika ne da mutanen da jirgin ƙasa da masaƙu suka tara, musamman bayan buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957. A nan Gbagyi da Hausawa da Bajju da Atyap da mutanen Kagoro da Yarabawa da Ibo suke cin kasuwa ɗaya. Rikice-rikicen 2000 da 2002 sun raba mazauna garin, har kogi ya zama kamar iyaka tsakanin mabiya addinai biyu. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke rura irin wannan wuta shi ne raina asalin juna. Wanda ya san cewa kakannin Kanawa sun taɓa taruwa a gindin dutse kamar yadda kakannin mutanen Kagoro suka yi, zai yi wuya ya yi wa maƙwabcinsa gorin asali. Sanin yadda wasu suka yi bauta ba ya taɓa imanin Musulmi ko na Kirista, yana ƙara masa fahimtar hanyar da al'ummarsa ta biyo.

Wuraren kansu suna bukatar kulawa. A 2007 Nijeriya ta sa ganuwar Kano da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Amma zaizayar ruwan sama tana cin gefen Dala, gidaje sun matse gindinsa, shara kuma tana taruwa. Gini idan ya rushe ana iya sake shi, dutsen da aka fasa kuwa ba ya dawowa. Kiyaye waɗannan wurare nauyi ne a kan hukuma da masarautu da mazauna kusa da su baki ɗaya.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa ne suka jawo mutanen farko zuwa gindin Dutsen Dala?
2. A bayyana yadda ake gudanar da taron shekara a zamanin Barbushe, daga yamma har wayewar gari.
3. Wace rawa Tsamiya da Yaji da Muhammadu Rumfa suka taka wajen kawo ƙarshen bautar Tsumburbura?
4. Me ya sa maziyartan Tirumala suke aske kansu, kuma me ya sa suke zuba kuɗi a asusu?
5. A kawo abubuwa 3 da Dala da Tirumala suka yi tarayya a kai, da abu 1 da ya bambanta su.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya nemi wani dattijo ko dattijuwa daga garinsu na asali, ya tambayi labarin wani dutse ko kurmi ko rafi da mutanen dā ke girmamawa. Ya rubuta sunan wurin, da lokacin da ake taruwa, da abin da ake yi, da halin da wurin yake ciki yanzu, cikin jimloli 10. A karanta wa 'yan aji a zama na gaba, kowa ya saurari na ɗan'uwansa da girmamawa.